Biri Mai Roro a Kwarin Binuwai: Tarihin Wata Dabba da Kurminta

A tunanin Bahaushe, biri ɓarawon gona ne. Shi ne mai tonon gyaɗa da karyar masara, wanda ake ɗora yara a kan rumfa su yini suna korarsa da majajjawa da ihu. Birin da ya shiga karin magana da tatsuniya galibi jan biri ne, mai dogayen ƙafafu da ke tsere a fili kamar kare, ko kirka, ko kuwa bika mai zuwa gona da rundunarsa. Amma akwai wani biri da akasarin mazauna Kano da Katsina da Maraɗi ba su taɓa sa shi a ido ba, ko da yake harshensu ya tanadar masa suna, wato biri mai roro. Kasancewar wannan suna a Hausa shaida ce ta nisan tafiyar masu harshen, domin dabbar ba ta zama a sararin da itatuwa suke tsilla-tsilla. Fatake da maharba da suka nausa kudu maso gabas zuwa ƙasar Adamawa su ne suka fi kowa samun damar ganinta.

Har yau ana samun biri mai roro a kudu da birnin Garwa, a arewacin Kamaru, cikin zirin kurmin da ke bin gaɓar kogin Binuwai da kogin Faro da ƙananan rafukan da ke malala cikinsu. Wannan yanki yana daga cikin iyakar mazauninsa ta arewa a wannan sashe na Afirka. Tarihin yadda ya wanzu a wurin, alhali manyan dabbobin da suka fi shi ƙarfi da daraja sun ragu, wasu ma sun ƙare ƙurmus, tarihi ne na ƙasar kanta: sarakunanta, kasuwancinta, ƙudajenta, da audugarta.

Siffarsa da sunayensa

Wanda ya hango biri mai roro a kan reshe ba zai haɗa shi da wani biri ba. Jikinsa baƙi ne wuluk, sai farin gashi da ya kewaye fuskarsa kamar an yi masa amawali, sannan wani dogon farin gashi mai santsi ya sauko daga kafaɗu ya bi gefen jiki ya haɗe a ƙugu, tamkar alkyabbar da aka yafa. Wutsiyarsa ta fi gangar jikinsa tsawo, kuma da farin tuntu take ƙarewa. A Kamaru da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana yi masa laƙabi da “magistrat”, wato alƙali, saboda kamannin da ya yi da mai shari'a cikin rigarsa. Namiji yakan kai kilo 9 zuwa 13 da ɗoriya, mace kuwa ba ta cika wuce kilo 9 ba.

Sunan da masana suka ba shi, Colobus guereza, kalmomi biyu ne masu asali daban-daban. Ta farko daga Girkanci take, ma'anarta abin da aka guntule, wato mai dungu. Masanin dabbobi Bajamushe, Illiger, shi ne ya raɗa wa dangin wannan suna a shekarar 1811, saboda babban yatsan hannunsu ɗan tsiro ne kawai, wani lokaci ma babu shi sam. Turawan farko da suka ga hannun sun ɗauka nakasa ce. Alhali yatsu huɗu dogaye da suke lanƙwashewa kamar ƙugiya sun fi dacewa da dabbar da take dira daga wannan itace zuwa wancan, ta cafki reshe cikin gudu. Kalma ta biyu kuwa daga Habasha ta fito, inda wani Bajamushen, Eduard Rüppell, ya bayyana dabbar a rubuce a shekarar 1835, ya kuma riƙe sunan da mutanen ƙasar suke kiranta da shi. Irin da ke Kamaru da gabashin Nijeriya shi ne reshen yamma na wannan jinsi. Tuntun wutsiyarsa bai kai na 'yan uwansa na tsaunukan Kenya da Tanzaniya yalwa ba.

Dangin suna da rassa uku: masu baƙi da fari, jajaye, da wani ƙarami mai ruwan zaitun da ke dazuzzukan gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A Kamaru kaɗai akwai baƙi wuluk marar ɗigon fari a kudu da kogin Sanaga, akwai kuma ja a gandun dajin Korup kusa da iyakar Nijeriya, wanda yake gab da ƙarewa. Na Binuwai ne kaɗai a cikinsu ya iya zama a ƙasar da take shafe wata shida ba a yi ruwa ba.

Biri mai tumbin saniya

Abin da ya ba shi wannan dama yana cikin cikinsa. Ganye abinci ne mai yawa amma mai wuyar ci. Zaren da ke cikinsa ba ya narkewa a tumbi irin na ɗan Adam ko na jan biri, kuma itatuwa da yawa suna cusa wa ganyensu sinadarai masu ɗaci da bauri don kare kansu, ciki har da irin wanda ke cikin bagaruwa da majema suke jima da shi. Biri mai roro yana da tumbi babba mai ɗakuna. A ɗakunan farko babu ruwan tsami mai ƙarfi, sai tarin ƙwayoyin bakteriya da suke ruɓar da ganyen su mai da shi abin da jiki zai iya tsotsa, suna kuma rage wa wasu guba kaifi. Daga nan abincin ya wuce ɗaki na ƙarshe, inda ake narkar da shi tare da su bakteriyar kansu. Wannan shi ne tsarin saniya da tunkiya, sai dai shi biri ba ya tuƙa. A shekarar 1987 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa sinadarin da ke fasa bakteriya a tumbin wani ɗan uwansa na ƙasar Indiya ya yi kama da na saniya fiye da yadda ake tsammani ga dabbobi biyu masu nisan dangantaka haka.

Irin wannan ciki yana da sharuɗɗansa. Ruɓar da ganye aiki ne mai cin lokaci, saboda haka biri mai roro yakan shafe rabin yininsa ko fiye a zaune a kan reshe, ciki a cike, wutsiya na reto. Mai kallo zai ce rago ne. Sau da yawa tafiyar garke a yini ɗaya ba ta wuce rabin kilomita da 'yan kai. Yana kuma zaɓen abin da zai ci, ya fi son tofo da ɗanyen ganye a kan wanda ya tsufa, yana haɗawa da 'ya'yan itace da furanni gwargwadon abin da wuri ya bayar. John Oates, wanda ya bi garkunansu a dajin Kibale na Uganda a farkon shekarun 1970, ya tarar da cewa ganyen itace guda ɗaya ne ya ɗauki kaso mafi girma na abincinsu, ya kuma ga suna saukowa fadama lokaci-lokaci su ci ciyayin ruwa masu gishiri. Makiyayin Adamawa ba zai yi mamakin wannan ba, shi da yake kora shanu zuwa maɓuɓɓugar kanwa da ke kusa da Ngaundere saboda irin wannan buƙata. Mai cin ganye, ko na ƙasa ne ko na bisa, kullum cikin ƙishirwar gishiri yake.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan, kuma duka sun shafi tarihin dabbar. Na farko, garke guda yana iya rayuwa a ɗan ƙaramin wuri. A wasu kwazazzaban Habasha an ga garkunan da mazauninsu bai wuce 'yan hektoci ba. Na biyu, gona ba ta cika jan hankalinsa kamar yadda take jan bika da kirka ba, don haka bai zama abokin gabar manomi na yau da kullum ba.

Garke yakan ƙunshi dabbobi kamar 3 zuwa 15: galibi ƙasaitaccen namiji guda, mata 'yan uwan juna, da 'ya'yansu. Mata sukan zauna a garken da aka haife su, maza kuwa in sun tasa sai su fita neman wani. Ciki wata biyar ne da 'yan kwanaki, ɗa guda ake haifa, fari fat mai jan fuska, kuma sai ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya rikiɗe ya ɗauki launin iyayensa. A wannan tsakani matan garken suna karɓarsa hannu-hannu tun yana ɗan kwanaki kaɗan, abin da uwar jan biri ko ta bika ba ta cika sakin jiki da shi haka ba. Da asuba, wani lokaci ma cikin dare, namiji yakan yi wani ruri mai kauri da ake ji daga nesa, na garken da ke maƙwabtaka ya amsa, na gaba ya karɓa, har sautin ya bi kogi ya yi nisa. Da wannan kowane garke yake sanin inda ɗan uwansa yake ba tare da an kai ga faɗa ba. Binciken da aka yi a Uganda ya nuna cewa yadda yake jera rurin idan ya ga damisa ya bambanta da yadda yake jerawa idan gaggafa ce mai tukku, kuma waɗannan biyu su ne manyan maƙiyansa, sai biri mai ganga a inda suka haɗa daji.

Kurmi a tsakiyar sarari

Kalmar kurmi a Hausa tana nufin daji mai duhu, inda itatuwa suka haɗa kai rana ba ta ratsawa. A kudancin Kamaru kurmi shimfiɗe yake ba iyaka. A kwarin Binuwai kuwa ziri ne, wani wurin faɗinsa bai wuce jifa ba. Ruwan da ake samu a Garwa kimanin milimita 1,000 ne a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Dajin da ke nesa da ruwa na doka ne da maje da ciyawa mai tsawo, wanda yake kaɗe ganye da rani, gobara ta lashe shi. A gaɓar rafi ne kawai maɗaci da kanya da malmo da ɓaure da tsamiya suke samun laima a ƙarƙashin yashi su riƙe ganyensu. Nan ne gidan biri mai roro.

Akwai zamanin da wannan ƙasa ta fi haka laima nesa ba kusa ba. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce tafkin Chadi teku ne mai faɗin gaske, Sahara kanta tana da tafkuna da dorina. Da ruwa ya ja baya, daji mai duhu ya janye kudu, sai ya bar waɗannan zirara a bakin koguna, kamar yadda ambaliya take barin kududdufai. Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tudun Adamawa a arewa da Ngaundere, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lokoja, kuma rafukan da ke gangarowa daga wannan tudu su ne hanyoyin da suka haɗa biran kwari da na tudu.

Zamanin lamiɓe da fatake

Kafin ƙarni na 19, Bata da Fali da Dowayo da Duru da Chamba da Mbum ne mazauna wannan ƙasa, Fulani makiyaya suna zaune a tsakaninsu. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa masarautar Fombina wadda daga baya ta ɗauki sunansa, da hedikwata a Yola tun daga 1841. Garwa da Rai da Ngaundere da Tibati da Banyo suka zama mazaunin lamiɓe. A bayan mahaya dawaki sai ga fataken Hausa da Barebari, masu neman hauren giwa da bayi da goro, suka kafa unguwanninsu a waɗannan garuruwa. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a ranar 18 ga Yuni, 1851, kan hanyarsa ta zuwa Yola. Bayan shekara 31, Eduard Flegel ya kai Ngaundere da mafarin Binuwai a 1882, da ja-gorancin wani madugu Bahaushe da ake kira Mai Gashin Baki, wanda har ya raka shi Berlin. Irin waɗannan madugai sun san kowane mashigi da kowane kurmi a kan hanya, kuma ta bakin irinsu ne sunayen dabbobin kudu suke isa kasuwannin arewa.

Wannan zamani ya yi wa giwa illa, amma ta hanyoyi uku ya yi wa biri mai roro rana ba da niyyar kowa ba. Hare-haren kama bayi sun kori ƙabilu da dama zuwa kan duwatsu, irin su tsaunukan Alantika da na Poli, aka bar filayen kwari kusan wayam. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ya fi yawa a inuwar kurmin bakin rafi, saboda haka makiyayi mai hankali yakan shayar da dabbobinsa ya yi gaba, ba ya kafa ruga a wurin. Sannan akwai batun addini. Galibin malaman Musulunci sun hana cin naman biri, kuma ko a mazhabar Malikiyya, inda aka ruwaito magana biyu, tsakanin karhanci ne da haramci. A al'ada ma Bahaushe da Bafulatani suna ƙyamar naman dabbar da suke cewa ta yi kama da mutum. Idan aka dubi kudancin Kamaru, inda naman biri yake da kasuwa, kuma inda farauta ta kusa gamawa da jan irin da ke Korup, za a gane nauyin wannan bambanci. Ba dukan mazauna arewa ne suke ƙin naman ba, amma babu wata babbar kasuwar birni da take jiransa.

Haɗarin da ya taso wa dangin a ƙarshen ƙarni na 19 daga Turai ya zo. Matan London da Paris suka shiga yayin riguna da mayafai masu dogon gashin biri, aka riƙa fitar da fatu daga gaɓar Afirka ta Yamma, musamman ƙasar da ake kira Ghana a yau, da kuma Habasha, har adadin yana haura dubu ɗari a wasu shekaru. Fatar da harsashi ya huda ba ta da daraja, don haka waɗanda aka kashe sun fi waɗanda aka ƙirga. Yayin ya lafa, ya sake dawowa a shekarun 1930, lokacin da mai zanen tufafi Elsa Schiaparelli ta yi amfani da gashin har a jikin takalma. Daga baya kuma aka koma ɗinka fatun ana yin shimfiɗu masu da'ira ana sayar wa masu yawon buɗe ido a Gabashin Afirka. Manyan cibiyoyin wannan ciniki suna nesa da Garwa. Sai bayan da yarjejeniyar CITES ta fara aiki a shekarar 1975 aka sa wa cinikin irin waɗannan fatu tsakanin ƙasashe linzami.

Gandun daji da makaranta

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu a watan Yunin 1915, daga nan yankin ya faɗa ƙarƙashin Faransa. Faransawa ne suka fara shata gandun namun daji: na Binuwai a 1932, na Waza can arewa a 1934, na Faro a 1947. Sun zaɓi wuraren da suka tarar babu mutane da yawa, suka ɗauka haka Allah ya yi su, alhali wani sashe na wannan kaɗaici yaƙi da tsando ne suka haifar da shi. Abin da ya dame su kuma manyan namun farauta ne: giwa, ɓauna, zaki, karkanda, gwanki, da wata ƙatuwar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa suke kira da sunan Derby, wadda maharban Turai suke ƙetaro teku dominta har gobe. Biri mai roro ya shiga cikin gandun ne a matsayin ɗan rakiya, don kogunan da yake zaune a bakinsu su ne aka yi iyaka da su.

Bayan samun 'yanci a 1960, shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahidjo, haifaffen Garwa ne, kuma birnin ya ci moriyar haka. A 1968, shekarar da ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar kare albarkatun ƙasa a Aljiyas, aka ɗaga darajar gandun Binuwai, mai faɗin murabba'in kilomita 1,800, ya zama gandun ƙasa. Na Faro, mai murabba'in kilomita 3,300, ya bi baya a 1980, kuma a 1981 hukumar UNESCO ta sa na Binuwai cikin jerin wuraren da take kulawa da su. Tare da na Buba Njidda, wanda aka sa wa sunan wani lamiɗon Rai, suka zama uku, an kewaye su da yankunan farauta da gwamnati take ba kamfanoni haya. Idan aka haɗa duka, sun cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasar lardin Arewa.

A 1970 aka buɗe makarantar horar da masana namun daji a Garwa, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, domin ta zama wa ƙasashe masu amfani da Faransanci abin da kwalejin Mweka ta Tanzaniya ta zama wa masu Ingilishi tun 1963. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar da Chadi da Senegal, sun koyi aikin gandun daji a nan. Dokar daji ta 1994 kuma ta kasa namun daji aji uku, biri mai roro yana cikin aji na farko, wanda aka hana kashewa ɗungurungum.

A takarda, ke nan, babu abin da ya rage. Amma baƙin karkanda na Afirka ta Yamma ma yana cikin wannan aji, kuma mafakarsa ta ƙarshe a duniya ita ce wannan yanki. Masu binciken da suka karaɗe dajin a 2006 ba su ga ko guda ba, a 2011 aka ayyana cewa ya ƙare. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro daga wajen Sudan da Chadi suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda cikin 'yan makonni. Duk kuɗi da makamai da hankalin duniya da suka biyo baya sun tafi ne ga giwa da zaki, kuma ba a ce an yi kuskure ba. Sai dai hanyoyin ƙidayar da aka saba da su, ta jirgin sama ko ta bin miƙaƙƙen layi a cikin sarari, ba sa kama dabbar da ke zaune shiru a cikin duhun ganye. Mafi sauƙin hanyar sanin garke nawa ne a bakin wani rafi ita ce a kwana a wurin a saurari rurin asuba.

Auduga, madatsa da shanu

Sauyin da ya fi shafar kurmi ya faro ne a shekarun 1970. Farin da aka yi a farkon waɗannan shekaru ya matsa wa mutanen lardin da ke can ƙuryar arewa, inda jama'a suka yi cunkoso a tsaunukan Mandara da filayen Logon. Gwamnati ta shirya kwaso iyalai, irin su Mafa da Tupuri, zuwa kwarin Binuwai mai yalwar ƙasa, wasu kuma suka biyo da ƙafarsu bayan an daina kwasowa. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON da hedikwata a Garwa, ya buɗe hanyoyi, ya ba da iri da taki da garmar shanu bashi. Ƙauyuka suka jeru a kan titin Garwa zuwa Ngaundere, wanda ya bi gefen gandun Binuwai ta yamma, wato daidai inda namun daji suke ratsawa tsakaninsa da na Faro.

Tsakanin 1977 da 1982 Sinawa suka gina madatsar ruwa ta Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Mutanen Nijeriya sun san sunanta saboda ambaliyar 2012 da ta 2022. Tafkin da ta tara, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600, ya nutsar da gaɓar kogi mai tsawo da itatuwanta, ya kuma jawo masunta daga ƙasashe da dama, waɗanda suke buƙatar itacen banda kifi da na sassaƙa kwale-kwale. A ƙasa da madatsar kuwa, ambaliyar shekara-shekara da take shayar da fadamu ta sauya tsari.

Tsando ma ya daina gadi. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka yi ta feshin magani a tudun Adamawa don kawar da shi, allurar sammore kuma ta wadata a kasuwannin ƙauye, har makiyayi ya iya shiga inda kakansa yake tsoro. Rikicin Boko Haram da yaƙin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tun daga 2013 suka toshe wasu burtalai na da, garkunan shanu suka ƙaru a kwarin. Da rani, idan ciyawa ta ƙone, makiyayi yakan hau kawo ko maɗaci ko maɗobiya ya sassare rassan ya zubo wa shanunsa ganye. Ba mugunta ba ce, dabara ce tsohuwa ta tsallake bazara. Amma ganyen da yake sarowa shi ne ɗanyen ganyen da ya rage a dajin, kuma itacen da aka yi wa aski shekara bayan shekara ba ya haɗa kai da na kusa da shi. Ga masu haƙar zinariya da suke tona gaɓar rafuka har cikin gandun Binuwai, ga masu gawayi da suke ciyar da murhunan Garwa. Maɗobiya kuma ta samu kasuwa a ƙasar Sin, aka yi mata sara a faɗin Afirka ta Yamma har aka sa ta ƙarƙashin CITES a 2017.

Ƙungiyar IUCN, mai tantance halin da jinsunan dabbobi suke ciki, ta sa biri mai roro a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, kuma idan aka dubi faɗin mazauninsa daga Nijeriya zuwa Habasha da Tanzaniya, hukuncin daidai ne. Shi dabba ne mai juriya, a wasu dazuzzukan Uganda ma ya fi yawa a inda aka taɓa yin sara, saboda tofon da ke biyo baya. Sai dai wannan hukunci na jinsi ne baki ɗaya, bai faɗi komai game da garken da ke bakin wani rafi a kudu da Garwa ba. Daji mai faɗi idan aka rage shi yana nan daji. Ziri kuwa idan aka yanke shi a wuri biyu ya zama tsibiri. Garken da ke ciki zai iya shekaru yana ci yana haihuwa, mai wucewa ya gan shi ya ce lafiya lau, alhali samarin mazan da ya kamata su fita su shiga wani garke sai sun sauko ƙasa sun ratsa gonar auduga, inda karnuka suke, kuma hannu mai yatsu huɗu ba na gudu a ƙasa ba ne.

Mafi girman ma'ajiyar wannan dabba a kusa tana ƙetaren iyaka, a gandun Gashaka-Gumti na jihohin Taraba da Adamawa a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda masu nazarin birai suka kafa sansani tun shekarar 2000. Tsakaninsa da gandun Faro akwai tsaunuka da rafukan da suke gangarowa cikin kogin Deo, shi kuma ya zuba a Faro. Shekaru da dama ana maganar haɗa gandayen biyu a ƙarƙashin kulawa ta bai ɗaya, kuma ƙasar da ke tsakaninsu ita ce hanyar da shanu suke bi duk shekara daga tudu zuwa kwari.